Daga Kano zuwa Damagaram da muryar Hajiya a kunne

Uwargida, in kin taɓa doguwar tafiya da yaro a mota, kin san yadda abin yake: ba a fita gari ba ya fara kukan a ba shi waya. Ki ba shi, ya kafa mata ido har kansa ya fara juyawa, sai amai. Ido yana kallon abin da ke tsaye, jiki kuma yana jin motsi, shi ke tayar da zuciya. Shi ya sa ranar da zan kai Ummi, 'yata mai shekara 7, gaida Gwaggo a Damagaram, na ɓoye wayar na maƙala mata iPod shuffle a hijabi.

Wata 'yar na'ura ce ta kamfanin Apple, ba ta kai kwalin ashana girma ba, kuma ba ta da allo sam. An fara sayar da ita a 2005, aka daina a 2017, don haka yanzu sai dai ta hannu. Tawa mai 2GB ce, cajinta yana kai awa 15. A samanta akwai ɗan makunni: ki kashe, ki saurara a jere, ko ki bar ta ta riƙa zaɓo miki duk abin da ta ga dama. Ba ta son data, ba ta son sabis. Abin da kika zuba mata ta manhajar iTunes a kwamfuta, shi za ta ba ki. A nan ne ma na rage mata iyakar ƙara saboda kunnen yarinya.

A cikinta akwai karatun Alƙur'ani, da waƙoƙin Shata, da tatsuniyoyi 6 da na naɗa a bakin mahaifiyata kafin rasuwarta.

Mun bar Kano bayan asuba. Da yake babu abin kallo a hannunta, sai Ummi ta koma taga. Ita ta nuna mini duwatsun Kazaure. A Daura ta tambayi inda rijiyar Kusugu take, na ce sai a dawowa. A Kwangwalam muka sauka aka duba takardu, muka tsallaka Ɗan Barto, layin wayata ya yi tsit, amma Hajiya tana nan tana ba jikarta labarin Gizo da Ƙoƙi. Daga Matamaye ƙasa ta ƙara buɗewa: rairayi, gonakin gero, amalanken shanu, ga gawo jefi-jefi.

Damagaram, wato Zinder, ita ce hedikwatar Nijar har 1926, kafin a mayar Yamai. In kin je, ki shiga unguwar Birni da yamma ki ga fadar Sarki, da gidajen ƙasa masu zanko da zane a fuska, da manyan duwatsu kwance a tsakiyar gari kamar an ajiye su da hannu.

A gidan Gwaggo na sa mata abin kunnen. Ta yi shiru, can ta ce, “Wannan ai Yaya ce,” sai hawaye.

Da dare ɗanta ya ce bari ya ƙara wa Ummi waƙoƙi. Ya jona na'urar a kwamfutarsa, iTunes ta fito da tambaya da Faransanci. Allah ya sa na leƙa na ce ya fassara mini. Ashe cewa take za ta goge duk abin da ke ciki ta zuba nasa, domin shuffle da ma'ajin kwamfuta ɗaya kawai take tafiya. Ni kuwa kwamfutar da na zuba muryar Hajiya da ita ta lalace tun bara, wayar da na yi naɗin ma ta ɓata. Na riƙe hannunsa jikina yana rawa.

Da muka dawo Kano, mai gyaran kwamfuta ya ciro mini su daga ɓoyayyen ma'ajin na'urar, tunda iTunes ba ta mayar da irinsu kwamfuta. Yanzu suna wuri uku, ɗaya a wayar Gwaggo.

In kina da muryar wani naki a waya ko a wata na'ura, ki kwafe ta yau. In kuma naki suna raye, ki zauna ki naɗa. Allah ya jiƙan iyayenmu.