Tsiron da ya riƙe mutanen Aisland

Mutumin da ya tashi tsakanin Gaya da Ajingi, inda ido ya saba da gonakin gero da dawa da inuwar kuka, idan ya bar Reykjavik ya kama hanyar arewa zuwa Akureyri zai ɗauka ƙasar Aisland ba ta haifar komai. Tuddai ne tsirara, da baƙin dutsen da aman wuta ya bari, da iska mai shiga ƙashi ko a watan Yuli. Sai da muka sauka daga mota na sunkuya, sannan na ga ƙasar a lulluɓe take da wani ɗan tsiro ruwan ƙasa, mai rassa a murɗe, tsayinsa bai wuce yatsa ba. Fjallagrös suke ce masa, masana kuma Cetraria islandica.

Ba shi da saiwa, ba ya fure. Halittu biyu ne a jiki ɗaya: funfuna ta gina gida tana tare ruwa, gansakuka a cikinta tana haɗa abinci da hasken rana. Simon Schwendener, masanin tsirrai ɗan Suwizalan, shi ya bayyana haka a 1867. Ikon Allah ke nan.

Tarihinsa ne ya fi kama ni. Hatsi ba ya son sanyin ƙasar, kuma daga 1602 zuwa 1787 'yan kasuwar Denmark kaɗai ke da izinin ciniki da tsibirin, saboda haka gari ya yi wa talaka tsada. Da rani ya shigo sai mata da matasa su hau tuddai su kafa tanti, su yi kwanaki suna tsinka. Sun fi yi da dare ko bayan yayyafi, don laima na buɗe shi ya yi taushi, busasshe kuwa karyewa yake a hannu. Daren rani a can ma da haskensa. A shanya, a daka, a ƙara a garin burodi ko a dafa da madara. Daga 1783 zuwa 1784 dutsen Laki ya yi wata takwas yana aman wuta, yawancin tumaki suka mutu, yunwa ta kashe kusan kashi ɗaya cikin biyar na jama'ar. Gidan da ke da buhunan wannan tsiro a ajiye yana da abin ɗorawa a wuta. Matsayinsa a wurinsu shi ne matsayin tafasa da yaɗiya a ƙauyukanmu shekarar da rumbu ya ƙare kafin kaka.

Sai dai su ba su ji kunyar abincin yunwarsu ba bayan sun yi arziki, kuma wannan ya burge ni ƙwarai. Na sha madarar da aka dafa da shi: akwai ɗan ɗaci, akwai yauƙi mai kwanciya a maƙogwaro. Yauƙin nan ne maganin, yana lulluɓe inda ke ƙaiƙayi ya lafar da busasshen tari, ɗacin kuma yana buɗe ciki ga wanda ya rasa sha'awar abinci. A ƙarni na 18 da na 19 likitocin Turai sun ba masu tarin tibi shi, amma sauƙin tari kawai ya ba su, bai kashe cutar ba. Yau hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da shi a matsayin maganin gargajiya na busasshen tari, da ƙaiƙayin maƙogwaro, da rashin cin abinci, iyakar nan. A kantunan magani na Jamus ana sayar da alawar tsotsonsa, an rubuta adadin da za a sha a jikin kwali.

Mutanen Aisland suna tsinkarsa da tausayi, su bar wani a ƙasa, su ƙaurace wa wurin shekaru kafin su dawo, domin 'yan milimitoci kaɗan yake ƙarawa a shekara.