Ƙusa ta nitse, gungume ya taso

1/ Ƙanwata 'yar JSS 2 ta haddace "densiti = nauyi ÷ girma" tsaf. Na tambaye ta: me ya sa ƙusa ke nitsewa, ƙaton gungume kuma ya taso? Shiru. Haddar nan ce ke kayar da yaranmu a jarabawa wallahi.

2/ Densiti fa cunkoso ne. Mudun gero da mudun auduga girmansu ɗaya, amma ɗaga ka ji.

3/ Ruwa ne ma'auni: giram 1 a kowane cm³. Man gyaɗa kusan 0.9, shi ya sa yake tasowa saman miya. Ƙarfe kusan 7.9, dole ƙusa ta nitse.

4/ Gwada a gida. Auna dutse, ka samu giram 50. Jefa shi a kofin awo, ruwa ya tashi daga ml 100 zuwa 120. Girmansa 20 ke nan. 50 ÷ 20 = 2.5.

5/ Masu haɗa lefe, ku kula: zinare tsantsa 19.3 ne, jan ƙarfe bai kai 9 ba. Sheƙi yana ruɗin ido, amma sikeli da ruwa za su tona asiri.