Taya ta Biyar: Darasi Daga Hanyoyin Gonakin Ungogo

Duk wanda ya mallaki motar shiga daji a Kano, ko Hilux ce ko Prado ko tsohuwar Pajero, akwai ranar da zuciyarsa za ta raya masa cewa tayoyin da kamfani ya sa wa motar sun yi ƙanƙanta. Yawanci damina ce ke kawo wannan tunani, ranar da cikin motar ya daki ƙasa a wata hanyar gona. Sai ya nufi masu sayar da taya, ya zaɓi manya guda huɗu masu zurfin zane, a ɗaura masa, mota ta ƙara tsayi da kwarjini. Wadda ba kasafai ake tunawa da ita a wannan rana ba ita ce ta biyar, wato safaya, wadda ke maƙale a ƙarƙashin mota ko a ƙofar baya da girmanta na asali. Mai motar kuwa ba zai san an bar baya da ƙura ba sai ranar da taya ta sace masa a inda babu mai faci.

Ƙaramar hukumar Ungogo wuri ne da ya dace a auna wannan magana. Tana manne da birnin Kano, kuma ƙidayar 2006 ta samu mutum 369,657 a cikin faɗin da bai wuce murabba'in kilomita 204 ba. Unguwanni irin su Rijiyar Zaki da Bachirawa tuni birni ya haɗiye su, amma da an sauka daga kwalta ta wajen Fanisau ko Karo ko Yadakunya, sai a tarar da gona manne da gona. Wannan yanki yana cikin karkarar da Baturen nan masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, ya shafe shekaru yana nazari tun daga shekarun 1960, saboda yadda manomanta ke noma ƙasa ɗaya kowace shekara ba tare da sun bar ta ta huta ba.

Inda ƙasa ke da tsada haka, ba a yi wa hanya kyauta. Hanyoyin da ke ratsa gonakin an yi su ne domin jaki da amalanke da garken shanu. Matsattsu ne, shinge dama da hagu, ƙafafun mota sun haƙa kwari biyu sun bar tudu a tsakiya. Wannan tudu shi ne ke dukan cikin mota, shi ne kuma hujjar mai son manyan tayoyi. Sai dai hanyar da ke neman babbar taya ita ce kuma ke fasa ta. Akwai ƙayar aduwa da ta bagaruwa, akwai tushen karan dawa da ke tsaye kamar mashi bayan girbi. Akwai kuma sharar birni da manoman yankin suka daɗe suna kwasowa su zuba a matsayin taki, wadda ke zuwa da ƙusoshi da waya da fasassun kwalabe. A irin wannan wuri, fashewar taya abu ne da ake sa wa rana.

Abin da lambobin jikin taya ke faɗa

A gefen kowace taya akwai lambobi uku. A ɗauki 265/70R16, girman da aka saba gani a irin waɗannan motoci. Lambar farko faɗin taya ne a milimita, ta biyu tsayin gefenta ne a matsayin kashi 70 cikin 100 na wannan faɗi, ta uku kuwa girman rim ne a inci. Idan aka haɗa lissafi, tsayin wannan taya daga ƙasa zuwa sama ya kai milimita 777. Wanda ya sauya zuwa 285/75R16 ya koma milimita 834. Bambancin milimita 57 ne, amma rabinsa kaɗai ke ɗaga mota, domin gatarin motar a tsakiyar taya yake. Wato duk kuɗin da aka kashe ya sayo tsayin da bai cika santimita 3 ba. A hanyar da ke da tudu a tsakiya, wannan ɗan tsayi yakan raba mai wucewa da mai kwana a daji, don haka ba abin rainawa ba ne.

Amma sauyin ya taɓa wasu abubuwa. Babbar tayar ta fi ƙaramar da kashi 7 cikin 100, saboda haka idan ma'aunin gudu ya nuna 100, motar tana gudun kusan 107. A kowace kilomita ɗaya, ƙaramar tana juyawa kusan sau 410, babbar kuwa sau 382. Idan aka haɗa su a gatari ɗaya, ɗaya za ta riƙa fin ɗaya da juyi 28 a kowace kilomita. A tsakiyar gatarin akwai ƙananan giyoyi da aka yi domin su shanye irin wannan bambanci na ɗan lokaci, kamar lokacin shan kwana. Safayar da ba ta kai sauran ba tana sa su aiki babu hutu, kamar motar da ke shan kwanar da ba ta ƙarewa. Abin ya fi muni idan aka sa giyar da ke jan ƙafa huɗu. A Hilux, wannan giya tana ɗaure gatarin gaba da na baya su riƙa juyi tare dole. A cikin taɓo ko rairayi tayoyi kan ɗan zame su sauke matsin, amma a kan kwalta babu zamewa, sai ƙarafa su riƙa murɗa juna.

Wani ma'aikacin banki mai ritaya, wanda ke da gona a bayan Fanisau, ya ga wannan da idonsa a wani watan Agusta. Da almuru maƙwabcin gonarsa ya zo da gudu, matarsa ta kwana ta wuni tana naƙuda, ana neman motar da za ta kai ta asibiti a birni. Ba su yi nisa ba tayar baya ta sace. Jak ya nutse a laka, sai da aka ciro ƙyauren wata bukka aka shimfiɗa masa. Da aka sauko da safaya, sai ga ta ƙarama, iskarta ma rabi. Haka aka ɗaura ta, motar ta karkace, aka sa giyar ƙafa huɗu aka fita daga taɓon. Da suka hau kwalta giyar ta ƙi fita, sitiyari ya yi nauyi, motar tana ƙugi, sai da ya tsaya ya ja da baya kafin ta saki. Allah Ya yi matar ta sauka lafiya, amma tafiyar da bai kamata ta wuce rabin sa'a ba ta ci sa'a biyu.

Ina za a rataye ta?

Washegari ya sayi taya ta biyar daidai da sauran, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Gurbin da ke ƙarƙashin bodin Hilux, inda sarƙa ke jan safaya sama, an auna shi ne da tayar kamfani. Babbar ta ƙi shiga tsakanin ƙarafan, gefenta na gogar salansa. Ko da ta shiga, faɗinta zai sa ta reto ƙasa, ta cinye tsayin da aka kashe kuɗi domin samu. Akwai kuma wata matsalar da sai a daji ake ganinta: idan tayar baya ta sace a cikin laka, bayan mota zaunawa yake yi a kan safayar, sai an haƙa kafin a zaro ta.

Ya je wurin wani mai walda ya ce a liƙa masa mariƙi a ƙofar baya. Mai waldar ya jinjina tayar, ya ƙwanƙwasa ƙofar da ɗan yatsa, ya ce, "Alhaji, in ka ce a yi, sai a yi, amma kafin kaka za ka dawo mini da ƙofar a hannu. Wannan falle ne, na rufe kaya. Ƙarfen ɗaukar nauyi yana can ƙasa."

Gaskiyar mai walda a fili take. Babbar taya da rim ɗinta na ƙarfe takan kai kusan kilo 40, wato ta kusa buhun siminti. Nauyin da aka rataye nesa da madogararsa ƙarfinsa ninkuwa yake yi, kamar yadda bokitin ruwa ke ƙara nauyi ga wanda ya miƙe hannu da shi. A kan gargada kuwa, kowane tsalle guduma ce. Shi ya sa masu Prado da Pajero, waɗanda safayarsu ke rataye a ƙofar baya tun daga kamfani, sukan ga ƙofar ta fara sauka bayan sun sa babbar taya, tana ƙin rufuwa sai an ɗaga, ƙura na shiga, sannan tsaga ta bayyana a gindin mariƙin. Wasu kan ƙara ƙarfe domin tura tayar baya kada ta taɓa bamba, alhali hakan ƙara nisan nauyin ne daga hinjin ƙofa.

Rufin mota yana da nasa haɗarin. Nauyin da aka kai sama yana sa mota saurin karkata, kuma hanyar gona cike take da wuraren da ƙafa ɗaya ke cikin kwari ɗaya a kan tudu. Ban da haka, sauko da kilo 40 daga rufi cikin ruwan sama aikin matashi ne mai ƙarfi, mayar da fasasshiyar tayar sama kuwa ya fi shi wuya. Cikin bodi shi ne mafi sauƙi da arha, idan aka tsayar da ita a bayan gidan direba aka ɗaure da noti a jikin ƙarfe. Farashinsa shi ne gurbin buhu ɗaya ko biyu na taki ko gero. Abin da ba a yi shi ne a jefa ta haka nan ba ɗauri, domin ranar da aka taka birki da ƙarfi za ta taso kamar dutse.

Dattijon ya zaɓi hanya ta ƙarshe, mafi tsada. An ƙera masa bamba mai kauri da aka ɗaure da manyan notoci a jikin shasi, wato ƙashin bayan mota, da hannun ƙarfe mai buɗewa gefe wanda tayar ke zaune a kai. Nauyin ya bar fallen bodi ya koma inda aka yi domin ɗaukarsa. Mai waldar ya matsar da lambar mota zuwa inda tayar ba ta rufe ta ba, ya tabbatar fitilun baya suna bayyane, ya sa sakata mai makulli, saboda tayar da ke waje kaya ne a gaban mai tsautsayin hannu.

Sauran abubuwan da ke kayar da mutum

Girman taya bai isa ba idan rim ɗin bai dace ba. Hilux mai jan ƙafa huɗu da Prado suna da ramin noti 6, Land Cruiser samfurin 100 da 200 kuwa 5 gare su, don haka wanda zai sayi rim na hannu a Kasuwar Ƙofar Ruwa ya gwada shi a jikin motarsa kafin ya biya. Notin rim na alminiyam ma wani lokaci ya bambanta da na rim na ƙarfe. Jak ɗin kamfani an yi shi ne domin tsayin asali, kuma mai yiwuwa ba zai ɗaga motar har babbar taya mai cike da iska ta shiga ba. Guntun katako mai kauri yana maganin wannan, yana kuma hana jak nutsewa.

Sai kuma shekaru. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Legas a 2008, Nijeriya ta dogara ga tayoyin ƙasashen waje, kuma da yawa na hannu ne. Galibi a kan safaya ake yin wannan tsimi, a ce ai ba takawa za ta riƙa yi ba. Amma roba tana tsufa ko tana aiki ko tana zaune, balle wadda ke rataye a ranar Kano, inda zafi kan wuce maki 40 a watan Afrilu. A gefen taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sha gargaɗin cewa a guji tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa. Riga mai kare rana tana taimakawa, haka ma shigar da ta biyar cikin jerin sauyin tayoyi domin su ci tare.

Tunanin safaya kansa ya girmi duk motocin da ke kan hanya yau. A 1904 wasu 'yan'uwa biyu, Thomas da Walter Davies, suka ƙirƙiro ta a garin Llanelli na Birtaniya, suka raɗa mata sunan titin shagonsu, Stepney, sunan da har yanzu ake kiranta da shi a Indiya da Pakistan. Dalilinsu shi ne na manomin Ungogo: hanyar da aka yi domin dabba, da ƙusoshin da ke zube a kanta.

Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai sauya tayoyi ya yi lissafin biyar tun a shago, idan kuɗin bai kai biyar da mazauninta ba, ya haƙura da girman da yake da shi. Wanda kuma ya riga ya sauya, ya ware wata safiyar Asabar kafin ruwa ya sauka, ya tsayar da motar a ƙofar gida, ya sauko da safayar shi kaɗai da kayan da ke cikin motar, ya ɗaura ta, ya mayar da wadda ya cire mazauninta. Duk abin da ya gagare shi a wannan safiya, shi ne zai gagare shi da daddare a bayan Fanisau.