Tsakanin Doguwar Suma da Mutuwa

Idan aka fid da rai ga mutum, har an fara salati a kansa, sai kuma ya motsa, Hausawa kan ce doguwar suma ya yi. Likitocin zamani sun daɗe suna nazarin wannan suma, domin gano dalilin da wani ke farfaɗowa da hankalinsa garau, wani kuwa gangar jikinsa kaɗai ke dawowa.

Ranar 17 ga Maris 2012, Fabrice Muamba, ɗan ƙwallon ƙungiyar Bolton haifaffen Kinshasa, ya yanke jiki ya faɗi ana tsakar wasa da Tottenham a Landan. Zuciyarsa ta yi minti 78 ba ta buga da kanta ba, sau 15 ana girgiza ta da na'urar lantarki. Bayan kwana 2 ya gane iyalinsa, ya yi magana. Bayan wata guda aka sallame shi, a 2015 kuma ya kammala digiri a fannin aikin jarida.

Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu. Abin da jini ya kawo mata shi take ci nan take, in ya yanke na minti 4 zuwa 6 sai ta fara lalacewa. Ta Muamba ta tsira ne domin tun daga filin wasa har asibiti ba a daina danna ƙirjinsa ba. Hannayen mutane suka tsaya a madadin zuciya, suna tura jini zuwa kai. Ko bayan zuciya ta tashi, likitoci kan jira aƙalla awa 72 kafin su faɗi makomar ƙwaƙwalwa, kuma da yawa daga waɗanda suka tashi kan yi watanni suna fama da mantuwa da kasala.

Mutumin Falanko, a ƙasar Damargu, na iya cewa wannan labarin masu hali ne. Yana da hujja: kafin mota ta kai majinyaci Tanut, balle babban asibitin Damagaram, mintocin nan sun daɗe da ƙarewa, kuma zuciyar babba da ta rikice sau da yawa sai da lantarki take daidaita. Amma akwai yaron da aka tsamo daga tabki da damina. Shi rashin iska ne ya tsayar da zuciyarsa, don haka hura masa numfashi da danna masa ƙirji na iya maido shi tun a bakin ruwa. Abin takaici, sau da yawa akan kife irin wannan yaro ana matse masa ciki, ko a tsaya kuka, lokaci na wucewa.

Aikin ba ya buƙatar kuɗi: tafin hannu a tsakiyar ƙirji, dannawa 100 zuwa 120 a minti, bayan kowace 30 a hura numfashi sau 2. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta goyi bayan koyar da shi a makarantu, awa 2 a shekara, daga ɗan shekara 12. Malamin da ya koya wa ajinsa wannan ya ajiye masu ceto a bakin kowane tabki na garinsu. Ajali na Allah ne, amma Bahaushe da kansa ya ce rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi.