Ranar Wasa a Green Bay, da Tukunyar Cukun da Na Kasa Dangwala

Ƙarfe shida da rabi na safiyar Lahadi muka bar Madison, gari bai gama wayewa ba. Watan Disamba ne, an girbe masarar gonakin gefen hanya, dusar ƙanƙara ta lulluɓe kututturan. Ƙawata ce ke tuƙi, 'yar ajinmu a sashen kimiyyar abinci, wadda ta yi wata uku tana roƙona in bi ta gidansu in ga yadda ake kallon ƙwallo a garinsu. Ni kuwa ina ta hanya-hanya, don ko ƙwallon da na taso na sani ba ta dame ni ba, balle wannan ta Amurka da ake ce wa ta ƙafa alhali a hammata ake danne ta a ruga. Da dabara ta ƙare mini, na naɗe sallayata na cusa a jaka na bi ta.

Tafiyar awa biyu da rabi ce, kuma kusan duk inda ido ya kai garken shanu ne a rufe da dogayen rumbunan harawa. Jihar Wiskonsin ita kaɗai ke yin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na cukun da ake yi a Amurka. A jikin lambar motocinsu ma sun rubuta cewa nan ce ƙasar madarar Amurka, kuma sai da lasisi mutum ke yin cukun sayarwa. Asali alkama manoman jihar ke nomawa. Da ƙasa ta gaji, ƙwari kuma suka addabe su a ƙarni na 19, sai suka koma kiwo. Baƙin da suka zo daga Suwizalan da Jamus sun taho da sana'ar cuku, Jamusawan kuma suka ƙara da ta giya, har birnin Milwaukee ya yi suna da kamfanoni irin su Pabst da Schlitz da Miller. Don haka in ɗan Wiskonsin ya haɗa cuku da giya a tukunya ɗaya, bai ɗauka ya yi wani abin mamaki ba. Kamar a ce mu mun dama fura da nono ne. Da a ce na yi wannan lissafin tun a mota, da ban shiga abin da na shiga ba.

Green Bay ƙaramin gari ne a bakin tafkin Michigan, mutanensa ba su wuce dubu 100 da 'yan kai ba. Amma filin wasansu, Lambeau Field, wanda aka buɗe a 1957, yana cin mutum sama da dubu 80. Kuma a cikin unguwa yake, gidajen mutane na kewaye da shi. Ranar wasa masu gidajen kan tsaya bakin titi da kwali a hannu suna ba da hayar farfajiyarsu a ajiye mota a kan ciyawa. Ƙungiyar, wato Packers, an kafa ta a 1919, kuma ita kaɗai ce a babbar gasar ƙasar da ba ta da attajirin da ya mallake ta. Ta jama'a ce, masu hannun jari sun haura dubu 500. A sayarwar 2021 dala 300 ne kowane hannun jari, kuma ko sisi ba ya kawo wa mai shi na riba. Mahaifin ƙawata ya sa wa takardar nasa gilashi ya rataye a falo, a wurin da mu za mu rataye hoton Ka'aba ko na bikin sauka.

Muka ratsa ta gefen filin da misalin tara da rabi. Sanyi kamar ana yanka fuska da reza, amma ga mutane nan cike da wajen ajiye motoci, sun buɗe bayan motocinsu sun kunna gawayi suna gashi. Da yawa sun kifa wata hular soso mai kusurwa uku, ruwan ɗorawa, a siffar yankan cuku. Da can maƙwabtansu na jihar Illinois ne ke musu gorin "masu kan cuku". A 1987 wani mutum mai suna Ralph Bruno ya yanki soson kujera ya yi hular, gorin ya koma kirari. Abin ya burge ni, don na san yadda Bahaushe ma kan karɓe sunan tsokana ya mai da shi nasa.

Mu dai ba filin za mu shiga ba, samun tikiti sai mai dogon hannu. A gida za a kalla. Gidan ya cika da ƙannen uwa da 'ya'yan baffanni, kowa cikin kore da ruwan ɗorawa. Mahaifiyar ƙawata ta rungume ni a bakin ƙofa ta ce in kira ta da sunanta. Bakina ya ƙi. Yaya zan kama sunan sa'ar mahaifiyata gatsal? Na ce mata Mama, ta yi dariya ta ce ta karɓa.

Ta ja hannuna zuwa kicin tana ta murna. Ashe ƙawata ta riga ta gaya mata ba na cin alade, don haka ta raba tebur biyu: sosej ɗinsu na alade can gefe guda, nan kuma kifi da kayan lambu da ta yi domina. A tsakiya ga wata tukunyar lantarki, cikinta wani abu mai kauri, ruwan ɗorawa, yana ɗan motsi a hankali. Miyar cuku ce ta dangwale, kewaye da ita an jera gutsattsarin burodin nan murɗaɗɗe mai gishiri da suke kira pretzel. Ta ce girkin mahaifiyarta ne, ba a taɓa kallon wasa a gidan babu shi ba, kuma yau ko ɗigon naman alade da takan barbaɗa a kai ba ta sa ba saboda ni.

Na ɗauki burodin, har na kai hannu. Sai hancina ya ji wani ɗan ɗaci-ɗaci a ƙarƙashin ƙanshin cukun, irin na hatsin da aka jiƙa ya kwana. Na tambayi abin da ke ciki. Ta fara lissafi da yatsu: man shanu, fulawa, madara, cuku, mastad, tafarnuwa, sai kwalbar giya guda. Da ta ga hannuna ya tsaya, ta yi maza ta ce kada in damu, ai wuta ta ƙone barasar duka.

Nan fa ake yin ta. Wannan magana kusan kowa a Amurka ya yarda da ita, kuma ba haka take ba. Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna cewa in aka zuba barasa a girki aka bar shi yana dahuwa minti 15, kusan kashi 40 cikin 100 na barasar na nan. Bayan minti 30 saura kashi 35, bayan awa guda kashi 25. Sai an kai awa biyu da rabi take sauka zuwa kashi 5. Ita kuwa wannan miya ko minti 10 ba ta yi a kan wuta mai ƙarfi, don in ta tafasa cukun tsinkewa yake. Na san wannan sarai, mun yi shi a aji, ƙawata ma ta sani, ga ta nan tsaye tana kallon ƙasa. Amma ina tsaye a kicin ɗin dattijuwar da ta tashi tun asuba ta sake fasalin teburinta domina. In buɗe baki in karanto mata alƙaluma? A gidanmu ko gishiri ya yi yawa a miyar babba, cewa ake ta yi daɗi.

Na ajiye burodin. Na ce, "Mama, ki yi haƙuri, ba maganar maye ba ce. Mu abin da aka zuba wa giya ba ma cinsa, ko kaɗan ce." Fuskarta ta yi ja. Ta ce ba ta sani ba, ta maimaita har sau uku. Wani ƙanen mijinta ya leƙo ya ce ai cokali ɗaya ba zai kashe kowa ba, ta juya ta yi masa wani kallo, ya ja jiki ya koma falo. Abin da ya fi damuna shi ne ta ɗauke tukunyar daga tsakiyar tebur ta kai ta can lungu kusa da firji, har mutane suka riƙa zagayawa suna dangwala kamar masu sata. Na zama baƙuwar da ta kori girkin kaka daga mazauninsa.

Wasan ya fara ƙarfe goma sha biyu. Ban gane komai ba, sai dai in an yi ihu in ɗaga kai. Minti 60 ne a agogonsu, amma sai ya ci awa uku. A Disamba rana kan faɗi a garin da huɗu da 'yan mintuna, don haka azahar da la'asar da magariba a matse suke. Sau biyu na sauka ɗakin wanki na ƙasa na shimfiɗa sallaya tsakanin injin wanki da kwandon safa, rufin na girgiza a kaina saboda tsallen mutane. A karo na biyu na tarar an share wurin an shimfiɗa tawul mai tsabta. Ba wanda ya ce mini shi ya yi.

Da muka koma Madison abin ya ƙi barina. Na ce ai karatun da nake yi ke nan, bari in ga aikin da giyar ke yi a tukunyar in nemo madadinsa. Aiki uku ne: tana tsinka kauri, tana kawo ɗan tsami, tana kawo ɗacin da ke yanke maiƙon cuku. Gwajin farko na yi da lemon malt irin namu na gida da na samo a shagon 'yan Afirka. Kada wanda ya gwada. Abin ya fito kamar an narka alewa a man shanu. Akwai giyar da ake rubuta wa "non-alcoholic", sai dai a dokar Amurka irin wannan na iya ɗauke da barasa ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin 100. Akwai kuma mai 0.0, amma ni na ga ba na son kwalba mai kamar giya a firjina, na bar ta.

Ga abin da ya yi. A narka man shanu cokali biyu manya, a zuba fulawa cokali biyu a juya minti ɗaya har ɗanyen warinta ya fita. A tsiyaya madara kofi ɗaya a hankali ana kaɗawa, sai romon kaza rabin kofi. In ya yi kauri kamar kunun gyaɗa, a rage wuta ƙasa sosai, a riƙa zuba gogaggen cukun cheddar mai ƙarfi, gram 250, ɗan kaɗan-kaɗan, sai wanda aka zuba ya narke a ƙara wani. Daga nan mastad ƙaramin cokali ɗaya, ruwan lemon tsami rabin ƙaramin cokali, tafarnuwa. A sayi cukun dunƙule a goga da hannu, don wanda ake sayarwa a goge an barbaɗa masa garin hana dunƙulewa, yana sa miyar ta yi gari-gari. Wanda ke lura da abin da aka daskarar da cuku da shi ya duba jikin leda, da yawa a nan ba da na cikin ɗan maraƙi ake yi ba. Mu ma ai da tumfafiya Fulani ke daskarar da awarar nono. Ɗacin kuwa yajin da mahaifiyata ta daka mini na zuba, mai citta da kanumfari da masoro. Bai yi kama da giya ba, na sani, amma ya yanke maiƙon.

Wasan ƙarshe na kakar, a farkon Janairu, na sake bin ƙawata, tukunyata a cinya na naɗe ta da zani. Tun a mota na roƙe ta ta gaya wa mahaifiyarta cewa in tata ba ta koma tsakiyar tebur ba, tawa ba za ta fito daga mota ba. Muka tarar tana nan a mazauninta. Mama ta matsar da ita kaɗan ta ajiye tawa a gefenta, ta yanko takarda ta rubuta wa kowacce abin da ke ciki. Ta dangwali tawa, ta yi shiru, yajin ya kama ta, ta yi tari har da ƙwalla. Ta ce ba irin ta mahaifiyarta ba ce, kuma ba ta yi ƙarya ba. Sai ta sake dangwala, ta tambaye ni sunan abin da ke ƙona mata harshe. Na ce yaji. Ta gwada faɗa sau biyu bai fito ba.

Ƙanen mijin nan shi ya kusa cinye rabin tukunyar tawa, yana ci yana sharar gumi yana zagin alƙalin wasa. Da za mu tafi Mama ta wanke mini tukunyar, ta ce in bar mata ragowar yajin. Ɗan abin da ya rage mini ke nan har sai wani ya zo daga gida, ga watanni uku na sanyi a gabana. Na juye mata rabi a kwalbar zuma da ta ƙare.