Shari Ba Shi da Bango

Duk wanda ya koyi iyo a tafkin siminti na otal yana da wani aboki da bai san ya dogara da shi ba, wato bango. Bayan kowace mita 25, hannu zai kai gare shi, a kama, a ja dogon numfashi, sannan a juyo. Sai mutum ya fito yana cewa ya yi kilomita ɗaya, alhali gajerun iyo 40 ya yi, da hutu 39 a tsakani.

Shi ya sa nake goyon bayan juyin alkafura, wanda 'yan gasa ke yi idan sun iso ƙarshen tafki: su dunƙule, su wuntsila cikin ruwa, su tokari bango da ƙafa, su ci gaba ba tare da sun ɗago kai ba. Mun taɓa tafka muhawara a kansa a shirinmu na wasanni, wani mai sauraro ya bugo waya ya ce, "Malam, wannan ai ado ne. Wa zai yi alkafura a tsakiyar kogi?" Gaskiyarsa. A Shari babu inda za ka wuntsila. Ko a gasar kilomita 10 ta buɗaɗɗen ruwa, wadda aka shigar wasannin Olamfik a Beijin a 2008, alamomi masu yawo a kan ruwa ake kewayawa, ba a taɓa bango.

Sai dai amfanin juyin yana cikin abin da yake hana ka. Yana ƙwace maka hutun nan na sata. Na 'yan daƙiƙoƙi kanka yana ƙasa, kana fesar da iska ta hanci don kada ruwa ya shiga, kuma dole ka fito ka ci gaba da bugun da ka bari. Jiki yana koyon cewa rasa numfashi ɗaya ba mutuwa ba ne. Ranar da igiyar ruwa ta mari fuskarka daidai lokacin da ka buɗe baki, wannan sabon ne zai hana ka firgita, firgita kuwa ita ke nutsar da mai ƙarfi.

Ina faɗin haka ne saboda inda muke zaune. A nan Injamena Logon ke haɗuwa da Shari, ga Kusuri ta Kamaru a tsallake, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Da zafin Afrilu samari kan gangara bakin kogi, wasunsu da iyon otal kawai a jikinsu, ido yana gaya musu tsallaken kusa ne. Kogin nan kuwa shi ne ya cika ya shiga Waliya da Tukura a ƙarshen daminar 2022. Ko da rani yana da ja, yana da ramuka, ga dorinar ruwa.

Alkafura ba za ta koya maka karatun kogi ba. Ba za ta nuna maka yadda ake ɗaga ido a tsayar da bishiya ɗaya a gaɓa a nufe ta ba, ko yadda ake yanka ruwa a karkace maimakon a yi kokawa da shi. Wannan ilimin yana wurin masunta, waɗanda suka tashi a kan kwalekwale tun suna yara, kuma a wurinsu ya kamata a neme shi.

Don haka shawarata ga ƙannena masu zuwa tafki ita ce: ku koyi juyin, ko da ruwa zai shiga hancinku mako guda. In ya gagara, ku taɓa bango da yatsa kawai ku juyo, kada ku rataya. Ku ƙirga mita nawa kuke yi ba tsayawa, wannan adadin shi ne iyonku na gaskiya. Ranar da za ku gwada kogi kuma, a samu kwalekwale da masunci a gefenku.