Neman Man Zaitun A Birnin Injamena

A wannan wata ba wata ƙasa mai nisa za mu kai ku ba, cikin garin nan namu na Injamena za mu zaga da ku, kuma wani ɗan gwangwani ne sanadin yawon.

Muna da wani kawu, dattijo ne da ya haura shekara 70, wanda tun da ya sauke farali bai yarda gari ya waye masa ba tare da cokali guda na man zaitun ba. Ya sha, ya kuma shafa a gwiwa. To, a farkon watan Maris na 2024, saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi, sai gwangwaninsa ya ƙare. Ya aiki yaro da kuɗin da ya saba bayarwa, yaro ya dawo hannu rabbana, ya ce an ce kuɗin ko kusa ba su kai ba. Nan take Kawu ya sa aka kira mu, ya miƙo mana tsohon gwangwanin, ya ce, "Mushe, kai ne ka iya karatun Nasara. Je ka gano mini, shin zaitun ɗin ne ya ƙare a duniya, ko kuwa 'yan kasuwa ne suka hango azumi?" Muka ce, "To Kawu, an gama."

Kafin mu kama hanya ya kamata mu tuna yadda wannan mai ya shigo gidajenmu. Da yawa daga cikin kakanninmu hanyar Makka ce ta kawo su nan, tun garin yana amsa sunan Fort-Lamy, kafin a canja masa suna a 1973. Daga Kano ko Damagaram a biyo ta Barno, a yada zango a bakin Shari, wasu su wuce Abeshe da Sudan, wasu kuwa zangon ya zame musu gida. Waɗanda Allah Ya nufa suka dawo, cikin tsarabarsu akan sami zamzam da tasbaha da kwalli da 'yar kwalbar man zaitun. Ga shi kuma tun muna makarantar allo muke jin sunan itacen a Suratut Tin da Suratun Nur. Saboda haka a wurinmu man zaitun magani ne da tabarruki, ba abin miya ba ne. Kuma abin da mutum ya ɗauka da tabarruki, da wuya ya tsaya yana juya shi yana karanta bayansa.

Ranar Asabar bayan azahar muka hau kilando sai Babbar Kasuwa, wadda ke maƙwabtaka da masallacin Sarki Faisal. Zafin bazara ya fara kankama, ga ƙura, ga 'yan turin kaya suna ta neman hanya da Larabcin Cadi. Muka fara da layin masu mai, don mu ga ko a nan za a dace. Kai, Allah Ya yi wa ƙasar nan arzikin mai! Ga man gyada irin wanda ake kira anduriya an jera shi cikin kwalabe, rana na dukansa yana walƙiya. Ga man riɗi, ga man auduga na Mundu, ga manja daga Kamaru, ga man kaɗanya na mutanen kudu, ga man shanu wanda ƙamshinsa kaɗai ya isa ya sa mutum ya tuna tuwon dare. Baƙon da bai saba ba a nan yake ruɗewa da lissafi, domin da riyal ake ciniki, wato abin da mu muke ce wa dala, faran biyar ke nan. In mai kaya ta ce maka riyal metan, jaka guda take nufi. Muka tambayi wata dattijuwa man zaitun, sai ta yi dariya ta nuna mana wajen masallaci, ta ce can wurin masu turare za mu samu.

Haka kuwa aka yi. Tsakanin masu littattafai da masu habbatus sauda da zuma muka tarar da shi, ƙananan gwangwanaye da 'yan kwalabe, kowanne da hoton koren reshe da rubutun Larabci. Muka sami irin na Kawu sak. Muka sa tabarau muka juya shi, abin da ba mu taɓa yi ba duk shekarun nan da muke ganinsa a kan tagarsa. A gaba an rubuta sunan zaitun da manyan baƙaƙe, da cewa daga Sifaniya ya fito. A ƙasa kuwa, da 'yan mitsi-mitsin haruffa, an sa "huile de grignons d'olive", da harshen Sifaniya kuma "aceite de orujo de oliva".

A nan fa ya kamata mai karatu ya natsu, don shi ne gundarin maganar. Duk wanda ya taso a gidan da ake ƙuli-ƙuli ya san tunkuza, wato abin da ya rage bayan an matse gyada. To, "grignons" ko "orujo" tunkuzar zaitun ce. Bayan an niƙa 'ya'yan an cire man farko, sai a kwashi ragowar ɓawo da ƙwallo a kai wata masana'anta, a busar, a zuba wani sinadari da ke zuƙo ɗan man da ya maƙale, a tace shi har launinsa da ƙamshinsa su tafi, sannan a ɗiga masa man kirki kaɗan don ya sami ɗanɗano. Ba guba ba ne, dokar Turai ta yarda a sayar da shi, yana kuma da kyau wajen suya. Amma shi ne ƙaramin cikinsu a daraja da kuɗi, kuma yawancin abubuwan amfanin da ake yabon zaitun da su sun riga sun tafi wajen tacewa. Mai kayan ma da muka nuna masa sai ya riƙe baki, ya ce, "Wallahi Malam, ni yadda aka kawo mini haka nake sayarwa." Mun kuwa gaskata shi.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne wasu 'yan kwalabe da muka gani a kan wani faranti, babu suna, babu ranar da aka ɗura, babu ƙasar da suka fito, bakin mai talla ne kaɗai shaida. Su kansu mutanen Sifaniya sun taɓa ɗanɗana kuɗarsu a kan irin wannan. A 1981 wasu marasa tsoron Allah suka ɗauki man wani tsiro da ake kira kolza, wanda aka gauraya da sinadari don aikin masana'antu, suka sake tace shi, aka riƙa yawo da shi unguwannin talakawa cikin jarkoki marasa takarda da sunan man zaitun mai araha. Mutum wajen 20,000 suka kamu da ciwo, fiye da 300 suka mutu tun a shekarar farko, wasu kuma suka naƙasa har ƙarshen rayuwarsu. Ba mu ce abin da ke kan farantin nan haka yake ba, amma dai ba mu saya ba.

Daga nan muka taka a ƙasa muka bi titin Charles de Gaulle, inda bankuna da manyan kantuna suke. Muka shiga wani kanti mai sanyi kamar randa, har sai da muka ji kunyar ƙurar da ke ƙafarmu. A can kan kanta guda muka ga dangin man a jere. Wanda ya fi kowanne shi ne mai ɗauke da "vierge extra", ko "virgen extra". Wannan ruwan 'ya'yan itacen ne zalla, inji kaɗai ya matse shi, babu sinadari, kuma tsaminsa a awon masana bai wuce 0.8 cikin ɗari ba. In an ƙara da cewa an cire shi a sanyi, ana nufin zafin aikin bai kai digiri 27 ba. Mai bi masa shi ne "vierge" kawai. Wanda kuma aka rubuta wa "huile d'olive" ba ƙari, haɗi ne na tatacce da ɗan matsar fari, ko da an yi masa kirari da kalmar "pure". Sannan na Kawu a can ƙarshen layi.

Da muka ji kuɗin lita guda ta "vierge extra" sai da muka gyara tsayuwa, don a ranar zai saya mana man gyada lita shida ko bakwai. Wani ɓangare na tsadar tsohon zance ne: ƙasarmu ba ta da teku, kaya sai sun sauka a Duwala, su yi tafiyar wajen kilomita 1,800 ta Ngaundare da Garwa da Marwa da Kusiri, su haye gadar Ngeli, kowane zango da abin da yake ci. Amma amsar tambayar Kawu tana can Sifaniya. Ita ce kan gaba a duniya, a shekara mai kyau takan fitar da kusan rabin man zaitun da ake samu, wato tan miliyan 1.3 zuwa 1.5. Sai fari da matsanancin zafi suka afka wa gonakin lokacin da itatuwa ke fure, amfanin kakar 2022 zuwa 2023 ya faɗo wajen tan 665,000, na shekarar da ta biyo ma bai kai miliyan ɗaya ba. A watan Janairu na 2024 kilo guda ya kai kusan yuro 9 tun a bakin masana'anta, wato kusan jaka shida a kuɗinmu, kafin ya hau jirgi. Ashe dai 'yan kasuwarmu ba su da laifi a wannan karo. Ruwa ya dawo daga baya, kakar 2024 zuwa 2025 ta ba da wajen tan miliyan 1.4, farashi kuma ya karye a can ƙwarai.

Malamin makaranta ba ya ganin taswira ya wuce, saboda haka da muka ga wata 'yar ƙarama a bayan kwalbar sai muka tsaya. Kudancin Sifaniya ne, yankin da har yau ake kira Andalusiya, wato Andalus ta littattafan tarihi, inda Musulmi suka yi mulki daga 711 har faɗuwar Garnaɗa a 1492. Lardin Hayen kaɗai yana da itatuwan zaitun fiye da miliyan 60, kowane ɗan Cadi sai ya sami uku har a yi saura. Abin da ya fi burge mu shi ne harshe. Suna ce wa mai "aceite", daga az-zait. Suna ce wa ɗan itacen "aceituna", daga az-zaituna. Gidan matsar mai kuwa "almazara", daga al-ma'asara. Duk mai cinikin Babbar Kasuwa ya san zet. Wani zai ce me ya hana mu shuka namu? Itacen yana son ruwa da sanyi su zo masa tare a lokacin hunturu, rani kuma ya bushe, mu kuwa daminarmu da zafi take zuwa. Akwai dai wani ɗan'uwansa na daji a kan duwatsun Azbin da Hoggar, amma ba a samun abin kirki daga gare shi.

Muka sayi rabin lita cikin kwalba mai duhu, bayan mun duba ranar lalacewa, domin haske da zafi su ne abokan gabar wannan mai, garinmu kuwa ba ya rasa ko ɗaya. Wanda ya kwana biyu a kan tebur cikin rana, ko da na asali ne, warin tsohuwar gyada yake yi. Muka haɗa da kwalbar 'ya'yan zaitun kore, irin manzaniya ta Ishbiliya. Ɗanyensu ba ya ciyuwa don ɗaci, sai an jiƙa su a ruwan soda, an wanke, an bar su cikin ruwan gishiri sun yi tsami. Baƙaƙen nan masu sheƙi kamar ɗinya da ake gani a gwangwani kuwa, yawancinsu kore ne aka hura musu iska har suka yi baƙi, aka kama launin da gishirin ƙarfe. Mu dai koren ya fi kwanta mana.

Da magariba muka isa gidan Kawu. Uwargida ta yanka latas da jirjir da tumatir na lambunan bakin Shari, da albasa da lemun tsami, aka kawo burodi. Muka yi masa bayanin tunkuza dalla-dalla. Ya yi shiru, can ya ce, "Wato shekara da shekaru ƙuli-ƙulin zaitun nake sha?" Muka ce, "Kusan haka ne, Kawu." Muka ƙara da cewa wani bincike da aka yi a Sifaniya kan mutum fiye da 7,000 ya nuna masu cin matsar fari cikin abincinsu na kullum sun fi samun sauƙin ciwon zuciya da shanyewar jiki, amma a cikin abinci suka ci, kuma ba wanda aka ce ya ajiye ƙwayoyin likita. Mun faɗi haka ne don mun san halinsa da maganin hawan jini.

Ya karɓi cokali ya yi bisimilla ya kurɓa. Nan da nan maƙaƙi ya kama shi, ya yi tari har sau biyu, ya harare mu ya ce an sa barkono. Muka ce a'a, wannan yaji-yajin da ɗan ɗaci su ne shaidar sabon mai na kirki. Ya ɗauki ɗan zaitun guda ya tauna, ya yamutsa fuska, ya tofar da ƙwallon a hannu yana juya shi, ya ce gara masa aduwa. Amma burodin da ya dangwala a man da ya taru a gindin faranti, sai da ya ƙara neman wani.

Da za mu tafi ya sa aka ɗauko tsohon gwangwanin, ya ce, "Mushe, nuna mini kalmar nan da yatsa." Muka nuna masa. Ya ce a rubuta masa ita da ajami a takarda, gobe bayan asuba zai kai wa abokan zamansa na ƙofar masallaci, don akwai mutum huɗu a cikinsu da ke da irin gwangwanin a gida.